Ratar da Ke Tsakanin Jijiya da Jijiya

Idan mutum ya taka ƙaya yakan janye ƙafa kafin ya san abin da ya taka, zafin sai ya biyo baya. A ɗan lokacin nan da bai wuce ƙiftawar ido ba, saƙo ya tashi daga tafin ƙafa ya isa laka, ya juyo ya sauka ga tsokar cinya, wani kuma ya wuce sama ya kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Yawancin waɗanda suka yi kimiyya a sakandare sun fita da tunanin cewa jikin ɗan Adam shimfiɗe yake da wayoyi irin na lantarki, wuta na bi daga wannan kai zuwa wancan. Akwai gaskiya a ciki, amma an baro babban abin a baya. Jijiyoyin da ke kai saƙo, waɗanda dabam suke da jijiyoyin jini, ba a manne suke da juna ba. Tsakanin ƙwayar jijiya da ta gaba da ita akwai 'yar rata, kuma a ganina wanda bai fahimci wannan rata ba bai fahimci aikin ƙwaƙwalwa ba. A nan ake koyo, a nan magani yake kamawa, a nan guba take kisa, a nan kuma ƙwayar maye take riƙe matashi ta hana shi saki.

Ƙwayar jijiya, wadda masana ke kira niyuron, siffarta ta bambanta da ta sauran ƙwayoyin halittar jiki. Tana da gangar jiki ƙarama, da rassa masu yawa da ke karɓar saƙo, da kuma zare guda ɗaya mai fitar da saƙo, wanda ake kira akson. Wannan zare yana iya zama gajere ƙwarai, yana kuma iya kaiwa mita guda, kamar wanda ke tashi daga ƙasan laka ya dire a babban yatsan ƙafa. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa na da irin waɗannan ƙwayoyi biliyan 100, har zuwa shekarar 2009 lokacin da wata masaniya 'yar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka yi ƙidaya ta tsanaki suka samu kusan biliyan 86. Da yawa daga cikinsu suna hulɗa da dubban 'yan'uwansu, wasu ma da ke ɓangaren ƙeya, masu kula da daidaiton motsi, suna karɓar saƙo daga wurare sama da 100,000.

Wutar da ke bin zaren gaskiya ce, sai dai daga ruwan gishiri take fitowa. A wajen ƙwayar jijiya sinadarin sodiyam ne ya fi yawa, a ciki kuma potasiyam, kuma akwai wani ɗan famfo a fatar ƙwayar da ba ya hutawa, yana fitar da sodiyam uku yana shigo da potasiyam biyu. Jens Skou na ƙasar Denmark ne ya gano shi a 1957. Saboda wannan bambanci, cikin ƙwayar da ke hutawa yana ƙasa da wajenta da kusan milibolt 70. Idan aka taɓa ta har taɓin ya kai wani mizani, sai ƙananan ƙofofin sodiyam su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, lissafin ya juye ya haura sama da sifili, sannan ƙofofin potasiyam su buɗe su mayar da komai yadda yake. Duk wannan cikin kashi ɗaya ko biyu na dubu na daƙiƙa. Juyewar da ta faru a wuri ɗaya ita ke buɗe ƙofofin da ke gaba, a haka bugun ke tafiya har ƙarshen zare ba tare da ya raunana ba. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware wannan a Ingila, ta amfani da jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, wadda kaurinta ya isa a zura mata siririyar waya a ciki, suka buga sakamakonsu a 1952. Allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori waɗannan ƙofofin sodiyam take toshewa, shi ya sa ake aiki a bakin mutum amma labarin ba ya isa ƙwaƙwalwa.

Gudun bugun bai ko kusa da na lantarkin waya ba. Jijiyoyin da ke lulluɓe da wani farin kitse mai suna mayelin suna kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa, marasa shi kuwa ba sa wuce mita ɗaya ko biyu. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake fara jin sukar farko mai kaifi, bayan ɗan lokaci raɗaɗi mai nauyi ya iso. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne bugun iri ɗaya ne kullum. Ko ya tashi gaba ɗaya ko ya ƙi tashi, ba shi da rabi. Bugun da ke ɗauke da ƙamshin turare da wanda ke ɗauke da zafin wuta siffarsu ɗaya, kuma Edgar Adrian ya nuna tun a shekarun 1920 cewa ƙarfin abin da aka ji yana bayyana ne a yawan bugun, ba a girmansa ba. To idan zaren maimaita abu ɗaya kawai ya iya, a ina ake zaɓi, a ina ake auna wannan saƙo da wancan? Dole akwai wani wuri dabam.

An yi shekaru ana jayayya kan ko wurin nan yana nan ma. A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya ƙirƙiro rini na azurfa wanda ke baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan ya bar sauran, ta yadda a karon farko aka ga siffar ƙwaya guda da dukan rassanta. Shi Golgi ya yi imani cewa jijiyoyi duk a saƙe suke, sun zama abu guda ba yankewa. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya ɗauki rinin nan ya inganta shi, ya duƙufa a kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye da 'yan tayi, yana zana abin da ya gani da hannunsa, daga 1888 kuma ya dage cewa kowace ƙwaya cin gashin kanta take yi, tana kusantar maƙwabciyarta amma ba ta narke a cikinta ba. A 1897 Charles Sherrington ya raɗa wa wannan mahaɗa suna sinaps. An ba Golgi da Cajal kyautar Nobel tare a 1906, kuma ko a jawabinsa na karɓar kyautar Golgi bai sauka daga ra'ayinsa ba. Sai a shekarun 1950, da aka samu madubin bincike mai aiki da ilektiron, aka ga ratar ƙuru-ƙuru. Faɗinta nanomita 20 zuwa 40 ne, wato silin gashi guda ya fi ta kauri fiye da sau 1,000.

Saura tambayar yadda saƙo ke tsallakewa. A 1921, a birnin Graz na Austiriya, Otto Loewi ya ɗauki zuciyar kwaɗi biyu ya sa kowace a ruwan gishiri tana bugawa. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun zuciya a ta farko, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma ta rage gudu. Ke nan jijiyar wani abu ta zuba a ruwa. Daga baya aka tabbatar sinadarin asetilkolin ne, Loewi da Henry Dale suka karɓi Nobel a 1936. Yau an san abin daki-daki. Bugun yana isa ƙarshen zare, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya shiga, wasu ƙananan jakunkuna cike da sinadari su fashe a bakin ratar, sinadarin ya ƙetara ya sauka a kan masu karɓa da ke jikin ƙwaya ta gaba. Nan da nan kuma a share wurin, ko a tsotse sinadarin a mayar, ko a farfasa shi, don saƙon da ke biye ya samu wuri. Abin ya yi kama da fito a bakin kogi: mota ta kawo fasinja da gudu, amma nan iyakarta, sai ya sauka ya shiga kwalekwale, kuma isarsa ƙetare ta dogara da yawan jiragen da ke bakin ruwa, da samun wurin sauka a can, da ko an bar mashigar a buɗe.

Mai hankali zai iya cewa wannan ai naƙasu ne. Kowace mahaɗa tana cin kusan rabin kashi ɗaya na dubu na daƙiƙa ko fiye, tana cin kuzari, tana kuma buɗe ƙofa ga kowace guba. Da a manne jijiyoyin suke, ashe ba za a fi sauri ba? Za a fi sauri, amma za a rasa ikon cewa a'a. Sinadaran da ke ƙetare ratar ba duka ke cewa a tashi ba. Gulutamet yana zuga ƙwaya ta gaba, GABA da gilaisin suna kwantar da ita, kuma a kowane lokaci ƙwaya guda tana tara dubban zugi da dubban hani, sai idan zugin ya rinjaya ya kai mizani take bugawa. Wannan tarawa da ragewa ita ce ƙaramar shawara, kuma daga tarin biliyoyinta ake samun tafiya da magana da tunani. Ko janye ƙafa daga ƙaya sai da hani yake yiwuwa, domin yayin da tsokar da ke lanƙwasa gwiwa take ja, dole a sa wadda ke miƙe ta ta saki. Wanda yake son ganin jikin da aka cire wa hani ya dubi cutar tetanus. Dafin ƙwayar cutar, wadda kan shiga ta rauni mai datti ko cibiyar jariri da aka yanke da abin da ba shi da tsabta, yana hana sakin gilaisin da GABA a laka. Sai dukan tsokoki su ja a lokaci guda, haƙora su sarƙe, baya ya banƙare. Zaren jijiyoyin lafiya lau suke, mahaɗar ce aka lalata.

Amfani na biyu ya ma fi girma, shi ne mahaɗa tana canzawa. A 1949 Donald Hebb na Kanada ya kawo tunanin cewa idan ƙwaya ta riƙa tayar da wata a kai a kai, alaƙarsu za ta yi ƙarfi. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka nuna haka a ƙwaƙwalwar zomo, inda ɗan gajeren zugi mai yawa ya bar mahaɗa da ƙarfi na tsawon sa'o'i. Eric Kandel a Amurka ya bi diddigin abin a jikin wata dodon-koɗin teku mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 kacal, ya ga cewa tunawa ta ɗan lokaci ƙarin sinadari ce a tsohuwar mahaɗa, tunawa mai daɗewa kuwa sai an gina sababbin mahaɗu. An ba shi Nobel a 2000. Wannan yana nufin koyo sauyi ne na zahiri a cikin kai. Ɗalibin da ke hadda, ya karanta yau, ya kwana, ya sake bita gobe da jibi, ya riƙa komawa baya yana muraja'a, yana bai wa ƙwaƙwalwa abin da ginin nan yake buƙata, wato maimaici da tazara da barci. Mahaɗar da aka daina amfani da ita kuma raunana take yi, abin da duk wanda ya bar tilawa na tsawon lokaci ya sani.

Kusan duk abin da mutum ke ci ko sha don ya sauya yanayinsa a wannan mashiga yake aiki. Goro da shayi suna ɗauke da kafiyin, wanda ke zama a gurbin adenosin, sinadarin da ke taruwa yana sanar da gajiya, shi ya sa barci ke gudu. Nikotin na taba yana kwaikwayon asetilkolin. Dafin wasu nau'ukan kumurci yana toshe masu karɓar asetilkolin a jikin tsoka, fatar ido ta fara faɗuwa, daga baya numfashi ya gagara. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya akasin haka yake yi, yana hana share asetilkolin daga ratar, saƙo ya yi ta maimaituwa, mutum ya yi ta zubar da yawu da gumi, jiki na karkarwa, ƙirji ya cushe. Sauro da mutum hanyar nan ɗaya suke da ita, don haka fesa shi a rufaffen ɗaki ko zuba shi a buhun wake ganganci ne. Dalma kuma tana yi wa kalsiyam sojan gona, tana toshe masu karɓar gulutamet da koyo ya dogara a kansu. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma fargabar likitoci game da waɗanda suka rayu ita ce illar da takan bari a ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa.

Batun kodin da tiramadol ya cancanci a tsaya a kansa. Jiki yana da nasa sinadaran rage zafi, waɗannan magunguna kuma masu karɓarsu suke kamawa, su kuma jawo kwararar dofamin a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke koya wa mutum abin da ya kamata ya sake nema. Da yake mahaɗa mai canzawa ce, sai ta daidaita kanta da wannan ambaliya, ta rage saurarenta. Adadin da ya isa a watan jiya ba zai isa yau ba, idan kuma aka daina kwatsam, jikin da ya saba sai ya birkice da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci. Tiramadol mai yawa har jijjiga irin ta farfaɗiya yake tayarwa. Gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, matakin kuma daidai ne, amma haramci ba ya mayar da mahaɗar da ta riga ta sauya. Wanda ya yi nisa yana buƙatar magani da lokaci da kulawa. Ɗaure shi da mari da duka ba ya taɓa wurin da cutar take.

Akwai ƙorafe-ƙorafe da ya kamata a amsa. Na farko, Golgi bai yi kuskure ɗari bisa ɗari ba, domin a ƙarshen shekarun 1950 an gano wasu mahaɗu da wuta ke wucewa kai tsaye ta cikinsu. Suna nan, suna da amfani inda ake son sauri ko bugawa tare, amma tsiraru ne a ƙwaƙwalwar mutum. Haka kuma akwai wasu ƙwayoyi da ake kira giliya, yawansu ya kai kusan na niyuron, kuma da yawa daga aikinsu a gefen mahaɗar ne, suna share sinadari suna ciyar da ita. Na biyu ya fi nauyi. An yi ta yayata cewa ciwon damuwa ƙarancin sinadarin serotonin ne kawai, alhali maganin da ke ƙara shi yana yin haka cikin sa'o'i, amma sauƙi sai bayan makonni yake zuwa, masana da dama kuma sun ƙi yarda da wannan sauƙaƙƙen bayani. Suna da gaskiya. Mahaɗa ita ce inda abubuwa ke faruwa, amma talauci da rashi da tsoro da kaɗaici su ma ta nan suke shiga su bar tabonsu, don haka magani da shawara da gyaran yanayin rayuwa ba kishiyoyin juna ba ne.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi damun mai karatu mai imani: idan tunani da tunawa sinadari ne ke ƙetare rata, ina ruhi? Kimiyya ta auna bugu, ta auna sinadari, ta nuna cewa idan aka taɓa su hali da ji suna sauyawa. Ba ta bayyana yadda wannan motsi ke zama jin daɗi ko baƙin ciki da mutum ke ɗanɗanawa a ransa ba, kuma manyan masu binciken ƙwaƙwalwa da kansu suna ɗaukar wannan a matsayin tambayar da ba a amsa ba. Sanin yadda hadari ke haɗuwa bai taɓa hana manomi roƙon ruwa ba, sanin sababi kuma ba ya kore Mai sababi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fake da girman wannan tambaya a hana marar lafiya abin da aka riga aka sani yana yi masa amfani.

Farfaɗiya ce ta fi shan wannan zalunci. Abin da ke faruwa shi ne zugi ya rinjayi hani a wani yanki na ƙwaƙwalwa, dubban ƙwayoyi su buga a lokaci guda, kuma ana ganin alamar haka a na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, wadda Hans Berger na Jamus ya fara gwadawa a kan mutum a 1924. Sau da yawa tabo ne ya haddasa ta, daga wahalar haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko buguwar kai a hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kusan miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabital, tun 1912 ake amfani da shi, yana da araha, aikinsa kuma ƙarfafa hanin GABA ne a mahaɗa. Duk da haka ana gudun mai farfaɗiya, ana cire shi daga makaranta, ana ƙin aurensa, ana tsoron yawunsa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. Idan ta tashi wa wani a gabanku, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku cusa masa cokali ko ku ɗura masa komai a baki, idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti. Bayan ya farfaɗo ku yi masa addu'a, ku kai shi ga likita, ku kuma tsaya masa ya riƙa shan maganinsa kullum ba fashi.